Ba Hantata Ce Ta Kashe Nasiru Ba

Shekara bakwai ke nan cif a makon nan da aka kai ƙanena Nasiru makwancinsa, wanda mutanen Gada Biyu a Jos suka fi sani da Dakta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a dafa abinci a raba sadaka, a yi masa addu'a, ni kuma in shige ɗaki in sha kukana in fito. Bana ma na yi duk wannan, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai maganar da na danne tun ranar da ya rasu, yanzu kuma tana neman cin ran wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun da na ajiye alli na bar koyarwa.

A unguwarmu, tambayi duk wanda ka ga dama, labari ɗaya za a ba ka: Dakta ya yi ciwon hanta, aka kai shi Indiya, aka yanki ta yayarsa aka dasa masa, jikinsa ya ƙi karɓa, ya dawo gida ya cika. Ni ce yayar, sunana Rabi. Labarin nan ba gaskiya ba ne, na kuma san haka tun ranar farko, amma na bar shi ya yi ta yawo har ya zauna daram a bakin mutane. Sati uku da suka wuce, ƙawata Ladi, wadda muka yi koyarwa tare a firamare ɗaya, ta fasa bai wa ƙanenta Bitrus ɓangaren hantarta saboda wannan labarin. Bitrus yana kwance a asibiti yanzu haka da nake rubutun nan. Zan dawo kansa, amma bari in fara faɗin wane ne Nasiru, don da yawa cikin masu karatu ba su san shi ba.

Mu biyu kaɗai mahaifinmu ya bari. Ya rasu Nasiru yana ɗan shekara huɗu, ni ina sha ɗaya. Ƙanen mahaifin namu, Baffa Ilu, shi ya kwashe mu ya haɗa da nasa 'ya'yan, bai taɓa nuna mana bambanci ko a bakin kwanon tuwo ba. Tela ne, shagonsa na bakin titi. Shi ke ɗora Nasiru a keke ya kai shi makaranta, in ana ruwa ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa. Da mutane suka fara cewa yaron ya isa ya zauna a shago ya koyi sana'a, Baffa ya ce wannan kan ba na ɗinki ba ne, a bar masa littafinsa. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san nauyin mutumin da zai zo ƙofarmu daga baya.

Nasiru ya gama karatu ya sami aiki a Vom, a ɗakin gwaje-gwaje, inda suke haɗa rigakafin cututtukan numfashi na kaji. Na yi ta tsokanarsa da likitan kaji. Shi kuwa ba ya fushi, sai ya ce in daina raina kaza, murar da ke kashe ta da wadda ke kwantar da ni 'yan gida ɗaya ne. Daga baya ya tafi waje ƙarin karatu a kan garkuwar jiki, ya dawo da wani sabon abu da ya ɗauke masa hankali, wato raunin da hanta ke samu lokacin dashe. Na sauya masa suna zuwa likitan ɓeraye, tunda da su yake gwajin. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida ya zo ya ɗare kan turmina yana yi mini bayani. Ya ce idan aka ciro hanta daga jikin mai bayarwa, takan yi ɗan lokaci babu jini a cikinta. To ba wannan zaman kaɗai ke yi mata illa ba. Lokacin da aka haɗa jijiyoyi, jini ya dawo mata, garkuwar jiki ta taso a fusace, nan ma ake samun ɓarna mai yawa. Ya ce kamar mai azumi ne da aka sha ruwa ya ɗura wa cikinsa komai lokaci guda. Abin da yake nema shi ne yadda za a lallashi garkuwar ta bi a hankali. Na ce to Allah ya ba da sa'a, ɗaga mini turmina.

Yakan ce aikin kajin da na hantar duk abu ɗaya ne a wurinsa: a rigakafi kana koya wa garkuwa wanda za ta yaƙa, a dashe kana roƙonta ta ƙyale baƙon da aka kawo mata. Ashe duk shekarun nan da yake leƙa hantar ɓeraye, tasa na can tana lalacewa. Ƙwayar cutar hanta ce, likitoci suka ce mai yiwuwa tun yana yaro take jikinsa ba ta nuna kanta ba. Mutumin da ke tura kowa gwaji bai kai kansa ba sai da idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura. Har yau idan na tuna wannan raina yakan ɓaci da shi.

Likitoci suka ce sai an yi masa dashe. Aka gwada mu, tawa ta dace. Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, tsoro ya kama ni tun daga filin jirgi. Aka yi aikin, aka yanki ɓangaren tawa aka dasa masa. Likitan ya ce wadda ta rage mini za ta sake girma ta cike gurbinta, haka kuwa aka yi, ga ni nan yau ina cin tuwona. Nasiru ya tashi, idonsa ya washe, ya koma cin abinci har ana hana shi. Ya ishi likitocin da tambaya, wani ma in ya hango ƙofar ɗakinsa sai ya ƙara sauri. Ni kuma ya ce tun da aka sa masa hantata ya lura ya fara masifa irin tawa.

Ana gobe za mu taso ya zaunar da mu, ni da matarsa Hauwa, ya baje magungunansa a kan gado. Ranar babu wasa a fuskarsa.

"Yaya, waɗannan kwantar da masu gadina suke yi, don kada su far wa hantarki," ya ce. "Yanzu murar da za ta yi miki kwana uku, ni tana iya kai ni kabari. Wata uku kawai nake roƙo. Kada kowa ya shigo inda nake."

Na ce masa wannan ai mai sauƙi ne, ya bar mini.

Mun dawo Jos a tsakiyar damina, lokacin da sanyi ke shiga har ƙashi. Amininsa kuma abokin aikinsa, Dakta Pam, ya riga ya shirya komai. Ya nemo allurar rigakafin mura a cikin kula, ya jera mu ya yi wa kowa a gidan, har da ni ina ta mita. Ya ce tunda garkuwar Nasiru a kwance take, rigakafin ba zai kama shi sosai ba, mu da ke kewaye da shi mu ya kamata mu toshe hanyar. Aka ajiye benci a ƙarƙashin tagar ɗakinsa ta waje, da bokiti da sabulu. Duk wanda ya zo dubiya ya zauna a nan, Nasiru ya leƙo ta gilashi da takunkumi a fuska, a gaisa, a yi addu'a, a tafi.

Kun san mu da dubiya. Mutumin da aka yi wa aiki a ƙasar waje ya dawo da rai, ai gari ne zai taso. Abokan aikinsa na Vom ba su da matsala, sun san dalili. Matan cocin su matar Pam ma sun zo, suka tsaya a taga suka yi addu'arsu suka wuce. Namu na gida ne suka fara ƙananan maganganu. Wai Dakta ya zama Bature. Wai an je Indiya an dawo da girman kai, ana tsayar da manya a waje kamar masu jiran mota. A gidan suna aka faɗa mini ido da ido, ana dariya. Maganar ta ci ni ƙwarai, don ni mutum ce mai son a ce Malama Rabi ta san ya kamata. Duk da haka muka daure kwana goma sha takwas.

Rana ta sha tara, da hantsi, Baffa Ilu ya iso. A lokacin ya bar ɗinki ya koma ƙauye wajen Toro. Ni aka ɗora wa aika masa da bayanin dokar gidan, ban aika ba, don na rasa kalmomin da zan gaya wa Baffa cewa kada ya shiga ɗakin ɗansa. Ya zo a bayan mashin cikin yayyafi, da kwalbar zuma da zabbi biyu. Yana tari, hanci na zuba, ya ce iskar hanya ce. Muka gaisa a tsakar gida, ya ce ina yaron nawa, ya nufi ɗakin. Hauwa ta sha gabana a bakin ƙofa.

"Yaya, Baffa yana tari," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mu kai shi taga."

"Taga? Uban da ya rene shi za ki kai taga, kamar wanda ya zo sayen ƙanƙara?"

"Dakta ya ce ko wane ne."

"Hantar wa ke cikinsa, tawa ko taki? Matsa."

Ta matsa. Wannan maganar tawa ban taɓa maimaita ta ga kowa ba sai a makon nan.

Nasiru yana ganin Baffa ya sauko daga gado ya durƙusa. Ya cire takunkumin da hannunsa, don wa zai gaida ubansa da rufaffen baki? Baffa ya kama kansa da hannu biyu, hawaye na zuba, ya yi dogon karatu, ya tofa masa a ka, ya tofa a fuska, ya tofa a ƙirji, kamar dai yadda yake yi mana muna yara in zazzaɓi ya kama mu. Tsakanin aya da aya yana juyawa ya yi tari. Nasiru ya ɗago ido ya dube ni ta saman hannun Baffa. Da Baffa ya fita alwala, ya mayar da takunkuminsa ya ce, "Ba komai, Yaya. Amma a mayar da ƙofar a rufe."

Ƙofar ba ta sake rufuwa ba. Washegari mahaifin Hauwa ya zo, ya kuma ji cewa Baffa ya shiga. Da wane baki zan tsayar da shi? Bayansa liman, bayansa mai unguwa, sai gwaggonni da suka ce su ma ai ba bare ba ne. Kwana uku ɗakin yana cika yana batsewa, ana musabaha, ana dafa kai. Ni kuwa ina ta kai da kawowa da kunu, raina fari, an daina yi da mu a gari. Nasiru yana iya korar kowa a ɗakin gwajinsa, amma a gaban manyansa bai iya cewa a fita ba.

Kwana huɗu bayan zuwan Baffa zazzaɓi ya rufe Nasiru. Shi da kansa ya ce a kira Pam, a kai shi asibiti yanzu, kada a jira. Aka kwantar da shi, aka sa masa iskar oksijin. Kullum numfashin sai ƙara gajarta yake yi. Likitoci suka shiga tsaka mai wuya: in sun rage masa maganin da ke kwantar da garkuwa, hantar na cikin haɗari, in sun bar shi, huhu ba shi da mai tare masa. Ya fi su sanin wannan, yana kwance yana bin takardun gwajinsa da ido. Ranar da zai cika, da la'asar, Pam ya same ni a barandar asibitin, idonsa jajir.

"Anti, ina so ki sani, hantar tana aiki," ya ce. "Gwajin safiyar nan ma lafiyarta ƙalau. Huhu ne. Ƙwayar mura ce ta sauka masa a ƙirji."

Na tambaye shi ta wa ce. Ya ce wannan babu mai iya faɗa, mutum nawa suka shiga ɗakin. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har yau.

A zaman makoki, rana ta biyu, wata dattijuwa ta dafa ni ta ce jikin ne bai karɓi hantar ba ko? Ina jiyo muryar Baffa daga zaure yana amsa gaisuwa, muryar duk ta dushe. Na ce mata haka Allah ya so. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kafin sadakar bakwai kuwa labarin ya gama unguwa. Na gaya wa kaina Baffa nake rufa wa asiri. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Labarin ya yi mini daɗi. A cikinsa ni ce yayar da ta ba da hantarta, ana ce mini sannu Malama, ke kam kin yi naki. Na karɓi wannan sannun shekara bakwai ban taɓa mayar da ko ɗaya ba.

Bai daɗe da rasuwa ba korona ta zo. Na ga Jos kaf da takunkumi, bokiti da sabulu a ƙofar kowane shago, an hana musabaha har a masallaci da coci. Mutanen da suka ce Dakta ya zama Bature, da idona na gan su suna gaida iyayensu daga nesa, babu wanda ya ce musu marasa tarbiyya. Wallahi haushi ya kusa kashe ni. Ashe abin mai yiwuwa ne, ashe muna iyawa in tsoron ya zama na kowa. Na sha tambayar kaina me Nasiru zai ce da ya ga wannan. Ina jin da farko dariya zai yi, ya ce Yaya, ga garinku ya koma ɗakina. Bayan nan kuma ba zai zauna ba, don lokacin da allurar rigakafin korona ta iso aka cika wayoyi da ƙarerayi a kanta, da ya bi gida gida yana bayani har muryarsa ta dushe. Ni dai na je na miƙa hannuna aka yi mini, ban yi mita ba wannan karon.

Pam yakan leƙo ni lokaci lokaci. Shi ke ba ni labarin cewa fagen nasu ya ci gaba, an sami sababbin hanyoyin haɗa rigakafin cututtukan numfashi, har da na tsofaffi, ana kuma ta bincike a kan yadda za a adana hanta kafin dashe don raunin ya ragu. Da Nasiru na nan da ya yi murna, na san shi. Amma na san tambayar da zai biyo da ita: rigakafin yana ina a asibitin unguwarmu, kuma firijin da za a ajiye shi yana da wuta? Zai kuma shiga keken haya daga Gada Biyu zuwa kasuwa ya ga mun koma gidan jiya, mutum ya yi maka atishawa a fuska ya ce alhamdulillahi, kai kuma ka amsa masa. Har yanzu in aka sallamo mara lafiya, ɗakinsa muke cikawa, mai tari da mai mura, kowa na neman lada. Ban ce a daina dubiya ba, ni ma ina so a zo duba ni. Abin da ke damuna shi ne har yau ba mu da wata magana mai ladabi da ƙarami zai gaya wa babba cewa ya tsaya daga waje.

Yanzu in dawo kan Ladi. Ƙanenta Bitrus manomin dankali ne, 'ya'yansa huɗu, irin ciwon Nasiru ne ya kama shi. An gwada Ladi ta dace, har fasfo ta yi, likitoci sun ce jikinsa zai ɗauki tafiyar. Sai mahaifiyarsu da mijin Ladi suka tuna mata da Dakta na Gada Biyu, wanda yake likita ma abin bai yi masa ba. Ta taso daga unguwarsu Daɗin Kowa ta same ni ina tsintar shinkafa. Ta ce Malama, ke kika shiga wannan abin, ki gaya mini gaskiya, da gaske jikinsa ne ya ƙi hantar? Na buɗe baki, sai ga tsohuwar amsar ta fito da kanta: haka Allah ya so. Ta ce to shi ke nan, ita ma tana da yara, ba za a farke ta a banza ba sannan a zo a binne shi. Ta je ta gaya wa likitoci ta fasa. Na san abin da na yi tun kafin ta kai bakin titi, amma na zauna na ci gaba da tsintar shinkafata. Sai ranar Lahadin nan na ji cewa cikin Bitrus ya kumbura, an mayar da shi asibiti.

Wurin Hauwa na fara zuwa. Tana nan tana riƙe da 'ya'yansu, muna gaisawa, muna zumunci, amma maganar ƙofar nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Na ce mata zan faɗa wa Ladi, zan kuma rubuta a jarida. Ta ce shekara bakwai take jira in zo mata da wannan maganar. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa da kanta. Ta ce da ta faɗa, da an ce matar Dakta ta ɗora wa dangin miji kisa. Kuma ita ma babanta ya shiga, ba ta hana shi ba. Na roƙe ta gafarar abin da na gaya mata a bakin ƙofa. Ta ce ta yafe, amma in je wurin Baffa da ƙafata kafin jikokinsa su karanta masa a waya.

Na je ranar Litinin. Baffa ya tsufa ƙwarai, idon ya tafi, amma hankalinsa garau. Har yau ba ya sallame salla bai ambaci Nasiru ba. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga dokar wata uku har abin da Pam ya ce.

"Tofin da na yi masa ne?" ya ce.

"Babu wanda ya sani, Baffa. Mutane da yawa sun shiga. Ni na buɗe ƙofar."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba, Rabi? Da kin ce in tsaya a taga, ai tsayawa zan yi. Ko a titi kika ce, zan tsaya. Addu'a ai ba ta san bango ba."

Shekara bakwai ina cewa girman Baffa na kare, ashe ko tambayarsa ban yi ba. Kunyata ce da son a yabe ni, na lulluɓe su da sunansa. Ya ce in je in rubuta, in kuma sa sunansa, kada wani tsohon ya sake shiga inda ya shiga cikin rashin sani. Da zan tafi na bar shi yana kuka, ban san ko na yi masa adalci da na kai masa wannan kayan a ƙarshen rayuwarsa ba.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Nasiru, ba shi da yawa a ido. Binciken hantar bai kammala shi ba, takardunsa suna wurin Pam, wasu ɗalibansa sun ɗora daga inda ya tsaya. 'Ya'yansa biyu suna girma, babbar ta ɗauko yawan tambayarsa. Ɓangaren jikina da na ba shi yana tare da shi a ƙasa. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ya san ainihin abin da zai kashe shi, ya faɗa mana da Hausa mai sauƙi, ya kuma yi gaskiya. Ilimin da ya kwashe rayuwarsa yana nema bai ci amanarsa ba. Mu da muke ƙaunarsa mu muka kasa riƙe masa wata uku, sannan na bari aka ɗora laifin a kan aikin da ya ba shi rai. Allah ya jiƙanka Nasiru, ya haskaka kabarinka, ya sa ka yafe wa yayarka.

Jiya na je Daɗin Kowa. Na sami Ladi ta dawo daga asibiti tana wanke kwanukan da ta kai abinci. Na faɗa mata a tsaye, ban tsallake komai ba. Ban ce ta bayar ba, jikinta ne, aikin kuma yana da haɗarinsa da zafinsa, na gaya mata wannan ma. Ta ce in nuna mata wurin, muka shiga ɗaki na ɗaga rigata, ta daɗe tana kallon tabon. Ta tambaye ni ko da ya rayu in da ba a buɗe ƙofar ba. Na ce ban sani ba, abin da na sani shi ne hantar tana aiki har ranar ƙarshe.

"Sati uku, Malama," ta ce. "A gabanki na zauna na tambaye ki."

Ta ɗauki waya ta kira likitan Bitrus a gabana, ta ce ta dawo kan maganarta. Ina jin muryarsa yana cewa sai sun sake duk gwaje-gwajen, don jikin ya yi rauni fiye da da. Ta kashe wayar ta koma kan kwanukanta, ba ta yi mini rakiya ba. Ranar Alhamis za su faɗa ko Bitrus zai iya ɗaukar tafiyar. Sati uku da suka wuce sun ce zai iya.